Tambayoyi da Amsoshi kan Shirya Ma'ajiyar Bayanai ga Kwantenonin Docker

An tattaro waɗannan tambayoyi ne daga abin da ya fi maimaituwa a bakin ɗaliban ilimin kwamfuta na Birnin Kebbi da Aliero, da kuma matasan da aka damƙa wa kula da saba, wato kwamfutar da ke riƙe da manhajoji da bayanan ma'aikata, a makarantu masu zaman kansu, ƙananan asibitoci da manyan shaguna. Docker manhaja ce da ke gudanar da wasu manhajoji, kowace a cikin keɓaɓɓen wurinta da ake kira kwantena. Abin da Docker ke kira volume shi muka kira ma'ajiya, abin da yake kira image, wato kunshin manhajar da ake tayar da kwantena daga gare shi, kuma muka ce samfuri. An rubuta umarnin yadda ake buga su a Linux.

Me ya sa bayanaina suka ɓace bayan na goge kwantena na tayar da sabuwa?

Saboda haka aka tsara kwantena tun da Docker ya fito a 2013. Samfurin da ake tayar da kwantena daga gare shi ba a rubutu a kansa, don haka Docker kan shimfiɗa wani siririn fili a samansa, wanda duk abin da manhaja ta rubuta a lokacin aikinta yake sauka a ciki. Wannan fili na kwantenar ne ita kaɗai. Idan aka tsayar da ita da `docker stop`, filin yana nan, kuma da an sake kunna ta za a tarar da komai. Amma da zarar an goge ta da `docker rm`, filin ya tafi da duk abin da ke cikinsa, kuma babu kwandon shara da za a je a tono.

Abin da ke rikita sabbin shiga shi ne, goge kwantena aiki ne na yau da kullum. Duk lokacin da aka so sabunta manhaja, ko canza wani saiti nata, tsohuwar kwantena ake jefarwa a tayar da sabuwa. Ta yi kama da bukkar da manomin shinkafa ke kafawa a fadamar Argungu lokacin aikin rani: yana kwana a ciki, yana ajiye kayan aiki, amma ba ya barin buhunan shanshera a can idan kaka ta wuce, domin ya san bukkar ba mai ɗorewa ba ce. Duk bayanin da ake so ya rayu bayan kwantena, dole ya zauna a wajenta.

Mece ce ma'ajiya, kuma a ina take zaune a cikin kwamfuta?

Ma'ajiya folda ce da Docker da kansa yake ƙirƙira yake kuma kula da ita, a wajen kowace kwantena. Ana ƙirƙirar ta da `docker volume create bayanai`, sannan a haɗa ta da wani wuri a cikin kwantena lokacin tayarwa, misali `docker run -v bayanai:/data alpine`. Daga nan duk abin da manhaja ta rubuta a `/data` yana faɗawa cikin ma'ajiyar, kuma ko an goge kwantenar sau goma, ma'ajiyar tana nan.

A Linux ana samun ta a `/var/lib/docker/volumes/bayanai/_data`. Umarnin `docker volume ls` yana jero dukkan ma'ajiyoyin da ke kwamfutar, `docker volume inspect bayanai` kuma yana nuna inda take da ranar da aka ƙirƙire ta. Sanin wurin yana da amfani, amma ba a so mutum ya riƙa shiga can yana gyara fayiloli da hannu, musamman idan manhajar tana kan aiki.

Mene ne bambancin ma'ajiya mai suna, ɗaurin folda da tmpfs, kuma wanne zan zaɓa?

Ma'ajiya mai suna ita ce wadda aka bayyana a sama. Ɗaurin folda kuwa shi ne ka ɗauki foldar da kai ka riga ka sani a kwamfutarka, kamar `/home/aiki/shafi`, ka ɗaura ta a kan wani wuri a cikin kwantena, ta yadda abin da ka gyara a waje zai bayyana a ciki nan take. Docker yana rarrabe su ta yadda aka rubuta ɓangaren farko: idan suna ne kawai, ma'ajiya ce; idan hanyar folda ce da ta fara da `/`, ɗauri ne. Na uku, tmpfs, yana riƙe bayanai ne a cikin ram, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, kuma da kwantena ta tsaya sun shafe, don haka ya dace da abin da ba a so ya taɓa sauka a kan diski.

Akwai wani bambanci da ba a cika lura da shi ba sai ya yi ɓarna. Idan aka haɗa sabuwar ma'ajiya wadda babu komai a cikinta da wurin da samfuri ya riga ya zuba fayiloli, Docker zai kwafe waɗannan fayiloli zuwa cikin ma'ajiyar tare da izininsu. Ɗaurin folda ba ya yin haka. Rufe abin da ke wurin yake yi, kamar an shimfiɗa tabarma a kan kaya, sai manhaja ta duba ta ga wayam. A ra'ayinmu, rumbun bayanai (database, irin su MySQL da PostgreSQL) da duk abin da manhaja ke rubutawa da kanta su tafi ma'ajiya mai suna, fayilolin saiti da rubutun manhajar da ake kan gyarawa kuma su bi ta ɗaurin folda. Idan kwantena karanta fayil kawai take bukata, a ƙara `:ro` a ƙarshe domin kada ta iya canza shi.

Da `-v` zan yi aiki ko da `--mount`?

Duka biyun suna kai wa wuri ɗaya, sai dai `--mount` ya fi tsawo kuma ya fi fayyace komai, kamar `--mount type=volume,source=bayanai,target=/data`. Inda suka rabu shi ne wajen ɗaurin folda: idan ka yi kuskuren harafi ɗaya a hanyar foldar, `-v` zai ƙirƙiri sabuwar folda marar komai ya ci gaba ba tare da ya ce uffan ba, alhali `--mount` zai ƙi tayar da kwantenar ya gaya maka cewa foldar ba ta nan. A kan sabar da jama'a suka dogara da ita, wanda ke yin ƙorafi ya fi wanda ke yin shiru. Duba kuma amsar da ta shafi diski na biyu, inda wannan shirun yake da haɗari sosai.

Ta yaya zan san wurin da ya kamata in haɗa ma'ajiya a cikin kwantena?

Kowace manhaja tana da inda take zuba bayananta, kuma masu samfurin kan rubuta shi a shafin bayaninsu na Docker Hub, dandalin intanet da ake sauke samfura daga gare shi. MySQL da MariaDB suna amfani da `/var/lib/mysql`, MongoDB `/data/db`, Redis `/data`, WordPress kuma `/var/www/html`. PostgreSQL ya daɗe yana amfani da `/var/lib/postgresql/data`, amma daga siga ta 18 an sauya tsarin samfurinsa, aka koma haɗa ma'ajiya a `/var/lib/postgresql`, don haka wanda ya kwafo tsohon saiti ya ɗora a kan sabuwar siga ya kamata ya tsaya ya karanta tukuna.

Wasu samfura sun riga sun ayyana wurin ma'ajiya a cikinsu, kuma ana ganin haka da `docker image inspect`. Idan ba ka haɗa taka a wurin ba, Docker zai ƙirƙiro wata marar suna, mai ɗauke da dogon jerin haruffa da lambobi 64 a madadin suna. Bayananka suna ciki, amma sabuwar kwantena ba za ta neme ta ba, wata sabuwa za ta samu. Da yawa daga cikin masu cewa bayanansu sun ɓace, a irin wannan marainiyar ma'ajiya ake tsinto su, matuƙar ba a tayar da kwantenar da `--rm` ba, domin shi yana goge ma'ajiya marar suna tare da kwantenar.

Yaya ake rubuta ma'ajiya a Docker Compose, kuma me ya sa ake yawan gargaɗi kan `down -v`?

Compose kayan aiki ne da ke tayar da kwantenoni bisa saitin da aka rubuta a fayil guda. A wannan fayil ana ambaton ma'ajiya sau biyu, a ƙarƙashin manhajar da za ta yi amfani da ita, da kuma a ƙasan fayil ɗin:

```
services:
  db:
    image: postgres:16
    volumes:
      - bayanai:/var/lib/postgresql/data
volumes:
  bayanai:
```

Compose yana manna sunan aikin a gaban sunan ma'ajiya, kuma sunan aikin yakan fito ne daga sunan foldar da fayil ɗin yake. Idan foldar sunanta `makaranta`, ma'ajiyar za ta zama `makaranta_bayanai`. Wanda ya canza sunan foldar zuwa `makaranta2` ya sake tayar da aiki, sabuwar ma'ajiya fanko zai samu, ya ɗauka an yi masa sata, alhali tsohuwar tana zaune lafiya lau.

Shi `docker compose down` kwantenoni da hanyoyin sadarwarsu yake saukewa, ya bar ma'ajiya. Ƙarin `-v` ɗin nan ne ke cewa a haɗa da ma'ajiyoyi, kuma ba ya tambayar ko ka tabbata. Marubucin wannan amsa ya taɓa tsayawa a kan wani matashi a ofishin wata makaranta, ana saura kwana biyu a raba sakamakon zangon karatu, manhajar ta ƙi tashi, ya samo wannan umarni a intanet a matsayin magani ya buga. Layi uku suka wuce a allon, na ƙarshe yana cewa an cire ma'ajiya, manhajar kuwa ta tashi tsaf tana neman a yi wa ɗalibin farko rajista. Malamai suka koma kan takardun maki suka sake shigarwa har dare. Wanda ke son kariya daga irin wannan sai ya ƙirƙiri ma'ajiyar da hannu, ya rubuta `external: true` a ƙarƙashin sunanta, domin Compose ba ya goge ma'ajiyar da aka ce masa ta waje ce.

Kwantena tana cewa an hana ta izinin rubutu a folda. Ina matsalar take?

Linux ba ya sanin mutum da suna, da lamba yake saninsa. Mai amfani na farko a Ubuntu yakan samu lamba 1000, alhali PostgreSQL a samfurinsa na asali yana aiki da lamba 999, a na Alpine kuma 70. Idan foldar da ka ɗaura mallakar 1000 ce, manhajar da ke aiki da wata lamba ba za ta iya rubutu a ciki ba. Ana ganin lambar da `docker exec` tare da umarnin `id`, sannan a mayar da mallakar foldar ga wannan lamba da `chown`, ko kuma a tayar da kwantenar da `--user` idan samfurin ya yarda da haka.

Maganin da ake yawan ba wa juna shi ne `chmod 777`, wato a buɗe foldar ga kowa. Ba mu ba da shawarar haka ba, domin cire ƙyauren ɗaki ne don makulli ya ƙi buɗewa. A Fedora, Rocky Linux da danginsu kuma akwai wani ƙarin tsarin tsaro mai suna SELinux, wanda kan hana shiga ko da lambobin sun daidaita. A nan ana ƙara `:z` a ƙarshen ɗaurin idan kwantenoni da yawa za su yi tarayya a foldar, ko `:Z` idan guda ɗaya ce. Ma'ajiya mai suna ba ta cika samun wannan matsala ba, saboda dalilin da aka faɗa a amsar bambancin nau'o'in uku.

Na canza kalmar sirrin rumbun bayanai a fayil ɗin Compose, amma tsohuwar ce ke aiki. Me ya faru?

Saitin `POSTGRES_PASSWORD` da takwaransa `MYSQL_ROOT_PASSWORD` suna aiki ne sau ɗaya tak, ranar da aka fara tayar da rumbun a kan ma'ajiya marar komai. Bayan nan kalmar sirrin tana cikin ma'ajiya, kuma daga cikin rumbun ake canza ta da `ALTER USER`. Kada a goge ma'ajiya don kawai a canza kalmar sirri.

Tunda ma'ajiya ba ta ɓacewa, shin ina bukatar wani kwafin ko-ta-kwana?

Ƙwarai kuwa, kuma wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan. Ma'ajiya tana kare bayanai daga mutuwar kwantena ne kaɗai. Tana kan diski ɗaya da sauran kayan kwamfutar, don haka idan diskin ya lalace, ko wuta mai ƙarfi ta ƙone na'urar, ko ɓarawo ya ɗauke ta, ko wani ya buga umarnin da aka ambata a amsar Compose, ma'ajiyar ta tafi ke nan.

Ga fayiloli na yau da kullum, kamar hotunan ɗalibai da takardun da aka ɗora, ana tayar da wata ƙaramar kwantena ta wucin gadi ta dunƙule su: `docker run --rm -v bayanai:/data -v "$(pwd)":/ajiya alpine tar czf /ajiya/bayanai.tar.gz -C /data .` Ga rumbun bayanai kuwa, kwafe fayilolinsa yana tsakiyar aiki kan haifar da kwafin da ba zai buɗu ba, domin ana iya ɗaukar wani fayil kafin a gama rubuta ɗan'uwansa. Ko dai a tsayar da kwantenar kafin a dunƙule, ko kuma, wanda ya fi, a yi amfani da kayan aikin rumbun da kansa, wato `pg_dump` ga PostgreSQL da `mysqldump` ga MySQL.

Kwafin kuma ya bar ginin da sabar take. Idan intanet ɗin ofis ba zai ɗauki tura manyan fayiloli kullum ba, diski na waje guda biyu da ake musanyawa, ɗaya a ofis ɗaya a gidan wani amintacce, sun wadatar ga ƙaramar ma'aikata. A riƙa gwada mayar da kwafin cikin sabuwar ma'ajiya lokaci-lokaci, saboda ranar bukata ba ranar gano cewa fayil ɗin fanko ne ba ce.

Ɗauke wuta ba zato zai iya lalata abin da ke cikin ma'ajiya?

Zai iya, amma ba laifin Docker ba ne. Haɗarin daidai yake da na kowane fayil da ake tsakiyar rubutawa. PostgreSQL da MySQL suna rubuta kowane canji a wani kundi na musamman kafin su taɓa ainihin bayanan, shi ya sa galibi sukan farfaɗo da kansu idan wuta ta dawo. Abin da ya fi cutarwa shi ne maimaituwar abin, da kuma lokacin sauyawa daga wutar gari zuwa janareta. Saba tana bukatar UPS ko inbata mai batir da zai riƙe ta har a kashe ta cikin tsari, da ɗaki mai iska, domin zafin watan Afrilu a Birnin Kebbi ko Gusau ba ya raga wa diski.

Akwai kuma batun lokacin tsayarwa. `docker stop` yana ba manhaja daƙiƙa 10 ta kammala, in ba ta gama ba ya kashe ta da ƙarfi. Ga babban rumbu ana iya ƙara lokacin da `stop_grace_period` a Compose. A sa `restart: unless-stopped` ma, domin kwantenoni su tashi da kansu idan kwamfuta ta kunnu.

Diskina ya cika. Zan iya buga `prune` hankali kwance?

A fara da `docker system df -v` a ga abin da ya cinye wurin, domin sau da yawa ba ma'ajiya ba ce, tsoffin samfura ne, ko kuma kundin rahoton kwantena da ke `/var/lib/docker/containers`, wanda ke ta girma idan ba a iyakance shi da `max-size` ba. Shi `docker volume prune` yana goge ma'ajiyoyin da babu kwantenar da ke haɗe da su. Daga siga ta 23 ta Docker marasa suna kaɗai yake taɓawa sai an ƙara `--all`, amma a tsoffin sigogi har masu suna yake kwashewa. Ka tuna cewa bayan `docker compose down` ma'ajiyarka mai daraja ba ta haɗe da kowace kwantena, kuma kamar yadda aka faɗa a baya, marar suna ma tana iya ɗauke da bayanan da ake nema.

Zan iya ajiye ma'ajiya a diski na biyu ko a filas?

A diski na biyu, eh. Ko dai a mayar da gidan Docker gaba ɗaya can ta hanyar rubuta `data-root` a `/etc/docker/daemon.json`, bayan an tsayar da Docker an kwafe tsohon gidan da `rsync -a`, ko kuma a ɗaura wata folda ta sabon diskin a kan kwantenar da ke bukata. A tsara diskin da ext4 ko XFS, a rubuta shi a `/etc/fstab` da lambarsa ta UUID, domin suna irin `/dev/sdb` yana iya canzawa daga kunnawa zuwa kunnawa. Haɗarin da ke nan shi ne kwamfuta ta tashi diskin bai hau ba: `-v` zai ƙirƙiri folda fanko a babban diski, rumbun ya ɗauka sabuwar rana ce ya fara daga sifili, ma'aikata su yi ta shigar da bayanai a wurin da ba nasa ba.

Filas kuwa bai dace da wannan aiki ba. Yawancinsu suna zuwa da FAT32 ko exFAT, waɗanda ba su riƙe mallaka da izini irin na Linux, ga shi FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya kai gigabait 4, kuma yawan rubutu yana saurin gajiyar da su.

Kwantenoni biyu, ko kwamfutoci biyu, za su iya tarayya a ma'ajiya ɗaya?

Kwantenoni biyu a kwamfuta ɗaya za su iya, misali ɗaya tana karɓar hotuna, ɗayar tana nuna su da `:ro`. Abin da ba a yi shi ne a ɗora rumbunan bayanai biyu a kan ma'ajiya guda. Ga kwamfutoci biyu kuwa, ma'ajiyar Docker ta asali ba ta tsallaka na'ura; sai an kawo wata hanyar tarayya kamar NFS, wato tsarin raba folda tsakanin kwamfutoci ta hanyar sadarwa, ta hanyar ƙirƙirar ma'ajiyar da `--opt type=nfs` tare da adireshin sabar da ke riƙe da fayilolin. Wannan ya dace da na'urorin da ke gini ɗaya a kan waya ɗaya. Ofishin da ke Jega da reshensa na Yauri kuwa, gara su yi magana da manhaja guda ta intanet, da su raba folda a kan layin da ke yawan yankewa.

A Windows na duba ban ga `/var/lib/docker` ba. Ina ma'ajiyar tawa?

Docker Desktop, wato manhajar Docker da ake sakawa a Windows, yana gudanar da Linux ne a ɓoye, galibi ta WSL 2, tsarin da ke tafiyar da Linux a cikin Windows, kuma ma'ajiyoyin suna cikin diskin wannan ɓoyayyen Linux ɗin. Ana duba abin da ke cikinsu daga sashen ma'ajiyoyi na manhajar. Ɗaurin folda daga `C:` yana aiki amma yana da nauyi, don haka mai koyo a laftof ya ajiye aikinsa a ɓangaren Linux. A kula da maɓallin da ke mayar da Docker Desktop yadda ya zo sabo, domin yana share ma'ajiyoyi duka.

Idan na koma Podman ko Kubernetes, wannan ilimin zai yi mini amfani?

Podman, wata manhajar kwantenoni mai kama da Docker, yana karɓar kusan dukkan umarnin da aka kawo a nan, sai dai idan ana gudanar da shi ba da ikon root ba, wato ba a matsayin babban mai kula da kwamfutar ba, ma'ajiyoyinsa suna zama a `~/.local/share/containers/storage/volumes`, kuma lambobin masu amfani na ciki ba su yin daidai da na waje kai tsaye, abin da ke ƙara wa batun izini sarƙaƙiya.

Kubernetes, tsarin sarrafa kwantenoni a kan kwamfutoci da yawa wanda Google ya fitar a 2014, ya raba aikin gida biyu: PersistentVolume shi ne wurin ajiyar kansa, PersistentVolumeClaim kuma takardar neman wurin ce da manhaja ke gabatarwa, tana faɗin girman da take so. Abin da ake kira emptyDir yana mutuwa tare da rukunin kwantenonin da aka yi shi dominsu, don haka ba wurin ajiya ne mai ɗorewa ba. Wuraren da StorageClass, wato saitin da ke samar da wurin ajiya idan an nema, ke samarwa kai tsaye kuwa suna zuwa da ƙa'idar Delete idan ba a faɗi wata ba, ma'ana goge takardar nema yana goge diskin da bayanansa, don haka ga rumbun bayanai sai a canza ƙa'idar zuwa Retain tun kafin a fara zuba komai a ciki.